Bayan Faranti

Yaya bai taɓa shiga shagon Auta da sallama ba, ranar ma bai yi ba. Ƙafa ya sa ya banke ƙofar, ya dire leda a kan tebur da ƙarfin da ya sa kwalbar gam ta yi tsalle ta kife. Abin da ke cikin ledar ya yi ƙara, irin ƙarar da Auta ta sani tun tana rarrafe. Tangaran ne, kuma ya riga ya tashi daga aiki.

"Tsohonki ya sake," in ji shi. "Na huɗu ke nan. Ki haɗa shi kafin jibi, akwai mai zuwa gani."

"Ina kwana, Yaya," ta ce, don dai ta tuna masa akwai irin wannan magana a duniya.

"Kwanan ke nan kike gani."

Ta kalli hannunsa na dama. Fatar gaɓoɓin yatsun ta saɓule, jini ya bushe a kai.

"Me ya sami hannunka?"

"Ƙofar mota."

Yaya ba shi da mota, ko keke ba shi da shi. Amma Auta ta san iyakar tambayoyin da ake yi masa a rana guda, don tabon da ke haɓarta shi ya saka mata tana shekara tara, a kan tambaya ta uku. Ta ɗaga kwalbar gam ɗin ta tsayar. Ya juya ya fita, ya bar mata ƙofa a wangame.

Sana'ar Auta gyaran tangaran ce: tsofaffin farantai da kofuna da butocin shayi waɗanda suka girmi kakan kowa, irin waɗanda suka ƙetaro teku tun ba a san wanda ya kawo su ba. Shagon nata ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da tela, taga ɗaya, tebur ɗaya, tiren yashi da take kafa gutsattsari a ciki har gam ya kama, da gwangwani cike da buroshi masu siririn baki. A wajen Baba ta koya. Shekara hamsin tsohon ya yi yana saye yana gyarawa yana sayarwa, kuma a cikin 'ya'yansa biyu ita ce ta ɗauki hannunsa. Yaya bai ɗauki komai ba sai ƙiba da zafin zuciya. Gadi ya yi a wata masana'anta har ranar da ya karya wa wani direba muƙamuƙi a kan hon, aka sallame shi.

Wata takwas da suka wuce ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta ɗauke, abin da ya rage masa hannun hagu da ƙafar hagu da idanu. Yaya ya tattaro matarsa ya dawo gidan, wai zai yi jinya. Jinyar ita ce ya saka tsohon a keken marasa lafiya ya ajiye shi a ɗakin kaya, kusa da babban kabad mai ƙofofin gilashi, saboda masu saye in suka ga Baba zaune sai hankalinsu ya kwanta cewa kayan na gaske ne. Shi kansa Yayan ba ya bambance farantin shekara ɗari biyu da na shekaran jiya.

Auta takan je gidan. "Yana barci," a ce mata. "An ba shi magani, likita ya ce kada a dame shi." Sai ta leƙa daga bakin ƙofa, ta ga ƙeyarsa, ta ajiye abin da ta kawo ta tafi. Da aka fara kawo mata fasassun kaya, aka ce tsoho ya fara ruɗewa, turo su yake yi ƙasa, ta yi kuka ta yarda. Ta yarda ne don yarda ta fi sauƙi, kuma don tana tsoron Yaya. Wannan ita ce gaskiyar, ko da yake ranar ba ta kai ga faɗa wa kanta ba tukuna.

Ta zazzage ledar a kan tsumma. Kwano ne mai zurfi, ya rabu goma sha ɗaya. Hannunta da kansa ya shiga kife gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, fuska ƙasa, baya sama. Haka Baba ya koya mata, da duka a bayan hannu in ta manta.

"Kife shi, Auta," yakan ce. "Zanen nan ruɗar ido yake yi. Sai ki ga ganye ya haɗu da ganye ki ce kin gama, alhali baki bai zauna ba. Ta baya za ki haɗa, ki bi da farce. In farce bai ji tudu ba, to ya zauna."

Shekara ashirin tana aiki haka. Ko ta juyo abu don ta goge gam ko ta taɓa fenti, da gilashin ƙara girma a ido take yi, layin tsaga take bi, ja a nan, kore a can. In ka tare ta da yamma ka ce mene ne a jikin farantin da ta wuni a kai, sai ta yi tunani. Amma za ta gaya maka gutsure nawa ne, da inda ya fara bugun ƙasa.

A gutsure na bakwai ta tsaya. Bakin fasasshen tangaran fari ne tas kamar sukari, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya sha. Wannan bakin ya sha wani abu mai duhu. Ta ce ko shayi ne. Ta jiƙa auduga ta goga, audugar ta fito jaja-jaja. Ta kai hanci, ta ji ƙarnin da ba na shayi ba. A jikin kaushin bakin kuma ga wani ɗan gashi guda ɗaya, gajere, fari, irin na gira.

Ta juyo gutsuren don ta ga iyakar inda tabon ya kai, sai ta yi ido biyu da furen. Ja ne, mai faffaɗan ganye huɗu, tsakiyarsa baƙi, kansa a sunkuye. Ta juyo sauran da sauri, har ɗaya ya yanke ta a babban yatsa ba ta ji ba. Furen nan ne ya zagaye kwanon gaba ɗaya, kowanne ya sunkuyar da kai.

Ta san shi. Furen barci Baba ke ce masa.

Kafin ya koya mata kifewa, tun tana ƙarama yana ɗora ta a cinya, Baba ya koya mata karatu. Ya ce mutanen da suka zana waɗannan kaya ba ado kaɗai suka yi ba, kowane fure magana ce. Mai kumburin nan mai ganye bisa ganye na arziki ne, shi ake kai wa wanda ya buɗe sabon gida. Bado na mai tsarkin zuciya ne, don daga taɓo yake fitowa bai ɗauko ko ɗigo ba. Shi kuwa furen barci ba a cin abinci a cikinsa. Na gidan da mutuwa ta shiga ne, ko take bakin ƙofa. Kwano ɗaya tak Baba yake da shi mai wannan fure, kuma a can ƙuryar kantar ƙasa yake ajiye shi, a bayan kofuna fiye da ashirin, naɗe da tsumma, don ba ya son ganinsa.

A bayan kofuna ashirin. Auta ta zauna a kan kujera. Wanda ya ruɗe na gaba yake turewa. Ba ya kawar da kofuna ashirin ɗaya bayan ɗaya da hannu guda, bai fasa ko ɗaya ba, ya miƙa can ciki ya warware tsumma.

Ta jawo wayarta. Tana ɗaukar hoton duk aikin da ta gama, don nuna wa masu kawo gyara. Ta koma baya wata uku. Na farko ɗan kofi ne mai ƙananan shuɗɗan furanni, ganye biyar-biyar. Furen tuni, wanda ake ba matafiyi, ma'anarsa kada ka manta da ni. Ta tuna har yabon kanta ta yi a kan kofin nan, don ko ita da ƙyar take gane inda ya fashe. Na biyu faranti ne mai fararen furanni a kan busasshen reshe, babu ganye ko ɗaya, furen da ke fitowa a tsakiyar sanyi. Ina cikin wuya, ina daurewa. Na uku murfin butar shayi ne mai furen wardi, amma mai zanen ya yi ƙayoyin sun fi furen girma. Baba ya taɓa yin dariya a kansa, ya ce wannan shi ake aika wa ɗan'uwan da ya cuce ka, don ya sha shayi ya yi tunani.

Tsohon yana ta magana wata uku da bakin da ya rage masa, ita kuma tana kife maganar tana manne ta da gam, tana mayarwa a naɗe cikin jarida. Kuma kowace kalma, yanzu ta gane, sai da ya biya ta da jikinsa.

Ba ta kulle shagon ba. Tela ya ɗago daga kan keke yana cewa, "Mai gyara, lafiya?" ba ta ko waiwaya ba. Ta tare tasi a tsakiyar titi, direban ya taka birki yana zaginta, ta buɗe ta shiga yana cikin zagin.

Rana ta take lokacin da ta isa. Matar Yaya ce ta buɗe ƙofa, ta buɗe kaɗan, ta tsaya a tsakani kamar kullum. Mace ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ta iya tafiya a gida ba a ji motsinta ba.

"Auta, yana bar..."

"Anti, matsa."

"Yayanki ya ce..."

"Yana ciki?"

"Ya fita, amma yanzu zai dawo. Don Allah, Auta, ni zai huce a kaina."

Auta ta buɗe tafin hannunta ta nuna mata gutsure na bakwai. Matar ta kalle shi.

"Ni na kwashe," ta ce. "Ban wanke ba. Na ce ko za ki gani." Sannan ta matsa.

Warin ɗakin kaya ne ya fara tarbarta, warin fitsarin da ya kwana biyu. An saki labule. Kabad ɗin yana nan yadda ta san shi, dogo har kusa da rufi, kanta shida, ƙafarsa ɗaya ta gaba a kan ɗan katakon da Baba ya cusa tun kafin a haife ta. Keken yana gefensa, an juya shi yana kallon bango. Ta zagaya ta gabansa, sai ta ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ba ta san tana da shi ba.

Fuskar Baba ta hagu, ɓangaren da yake ji, duk yanka ce, ƙanana da manya, daga goshi har haɓa. Girar ta rabe biyu. Idon ya kumbura ya rufe saura ɗan siriri. Hannunsa mai lafiya an ɗaure shi a jikin hannun keken da wayar lantarki, an zagaya sau da yawa, an murɗe bakin da filaya. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi-baƙi. Ƙafar hagu ma an ɗaure ta.

"Kifa fuskarsa ya yi a kan fasassun," matar Yaya ta ce daga bayanta. "Ya danne ƙeyarsa yana gogawa, yana cewa ka ga abin da ka yi? Ka gani? Na riƙe shi, ya yi jifa da ni. Na farkon mari ne kawai. Na biyu da bel. Auta, wallahi na yi ta son in gaya miki."

Auta ta durƙusa. Siririn idon ya sauka a kanta, ya tsaya.

"Baba, na gani," ta ce. "Na karanta. Ka yafe mini, Baba, na makara."

Bakinsa ya motsa, miyau ya zubo. Ta sa gefen mayafinta ta goge masa, ta kama wayar. Murɗin filaya ba ya warwaruwa da yatsa, amma yatsun Auta sun saba da abin da ya fi wannan taurin kai. Farcenta biyu suka karye kafin bakin ya saki. Wayar ta bar rami a fatarsa, zobe-zobe. Tana gama warware ta ƙafar ta ji an banke ƙofar gida.

Matar Yaya ta manne da bango.

Ya cika bakin ƙofar ɗakin, da ledar rake a hannu yana tauna. Ya kalli Auta, ya kalli wayar da ke ƙasa, ya kalli matarsa. Ya tofar da abin da ke bakinsa a kan tayil.

"Wa ya buɗe mata?"

"Ni na shigo," in ji Auta. Ta miƙe. "Tafiya zan yi da shi."

"Da wa?"

"Da ubana."

Ya yi dariya. "Yau kika san ubanki ne? Wata takwas ina kwashe kashinsa, kina can kina shafa fenti. Kin san abin da ya fasa mini? Kin san irin mutanen da nake kawowa ɗakin nan, yana zaune yana dalalar da miyau yana watsa mini kaya a ƙasa?"

"Kayansa ne. In ya ga dama ya fasa duka."

"Ke, fita."

"Yaya, ka dubi fuskarsa. Ka dubi abin da ka yi wa wanda ya haife ka. Kai ba ka jin tsoron Allah?"

Tambaya ta nawa ke nan, ba ta ƙirga ba. Marin ya zo da bayan hannu, ya ɗauke ta daga inda take ya haɗa ta da ƙaramin tebur. Kunnenta ya toshe, ta ji gishiri a baki. Kafin ta ɗago ya wuce ta, ya damƙi matarsa ta wuyan riga ya buga kanta da bango, sau ɗaya, sau biyu.

"Ke ce munafukar, ko? Ke ce?"

A kan teburin akwai wani dogon tulun furanni mai bado a jiki, ya faɗi bai fashe ba. Auta ta san shi, ta san ya fi shekara ɗari da hamsin, ta san nauyinsa. Ta kama shi ta wuya da hannu biyu ta sauke wa Yaya a ƙeya. A duk rayuwarta wannan ne tangaran na farko da ta fasa da gangan.

Bai faɗi ba. Ya saki matar, ya shafa ƙeyarsa, ya kalli jinin, ya juyo a hankali. Matar ta rarrafa ta fice, Auta ta ji ta a tsakar gida tana kurma ihu, "Jama'a! Ku zo, zai kashe su! Jama'a!" Wata takwas ba a taɓa jin muryarta a waje ba sai ranar.

Auta ta ja da baya da guntun wuyan tulun a hannu. Ta kai masa sara, ya tsage shi a damtse, bai ko kalli wurin ba. Ya kama wuyan hannunta ya murɗe har guntun ya faɗi, ya sa ƙafa ya kwashe ta. Bayanta ya bugi tayil a gaban kabad, numfashinta ya ɗauke. Ya taka hannunta na dama da takalmi.

"Wannan ne hannun, ko? Hannun da aka fi so. Auta mai hannu, Auta ta iya, kai kuwa jaki, ɗauki kwali." Ya ɗaga dunduniya ya sauke. Ta ji ƙarar kafin ta ji zafin, ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinken tsintsiya. Ya sake. Ihun da ta yi ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Sannan ya durƙusa a kanta, gwiwa a ciki, ya sa hannu biyu a wuyanta. Fuskarsa ta cika mata ido, jijiyoyin goshinsa sun tashi, jinin ƙeyarsa yana gangarowa ta kunne yana ɗiga a kumatunta. Ta yakushe shi da hagu, ta harba ƙafafu, duk a banza. Gefen idanunta ya fara duhu. Abin da ta ji a ranta ba tsoro ba ne, haushi ne, haushin cewa za ta mutu ta bar tsohon a hannunsa.

Ta saman kafaɗarsa ta ga ƙofar kabad ta buɗe.

Baba ya ja keken da ƙafa ɗaya har ya manne da gefen kabad ɗin. Kumburarrun yatsunsa sun kama saman ƙofar gilashin. Ya sa ƙafar hagu ya doki ɗan katakon nan, ya doka, ya sake dokawa, katakon ya fice. Ya kalli Auta da siririn idonsa. Sai ya tura kansa gaba, ya zame daga keken da dukan nauyinsa, bai saki ƙofar ba.

Kabad ɗin ya yi jinkiri kamar mai shawara. Kofunan kantar sama ne suka fara zubowa, sannan gaba ɗayansa ya taho.

Ƙarar ta kai har bakin titi, daga baya aka ce wasu sun zaci taransifoma ce ta fashe. Aikin shekara hamsin ya sauka a gadon bayan Yaya, katako da gilashi da tangaran. Hannuwansa suka saki wuyanta, goshinsa ya bugi nata, nauyinsa da na kabad suka danne ta. Jikinsa ne ya kare ta. Ta kwanta a ƙarƙashinsa tana jan iska da ƙyar, tana jin wani abu mai ɗumi yana jiƙa mata riga, tana jin wani ɗan murfi yana ta juyawa a kan tayil shi kaɗai har ya gaji ya kwanta.

Maƙwabta suka shigo suna salati. Mutum biyar suka ɗaga kabad ɗin. Da aka janye Yaya daga kanta, wani tsinin gilashi mai tsawon tafin hannu yana kafe a gefen wuyansa, kusa da kafaɗa, jini yana bulbulowa ta gefensa. Idanunsa a buɗe, bakinsa yana motsi ba sauti. Wani ya kai hannu zai zare, wani mai wanki daga cikin maƙwabtan ya buge hannun.

"Kada ka taɓa! Ku kawo tsumma, ku danne gefen!"

Auta ba ta tsaya kallo ba. Ta rarrafa da gwiwa da hannu ɗaya a kan fasassun, suna yanka ta, har ta isa inda Baba yake kwance a kan ɓarinsa da ya mutu. Yana numfashi. Gefen kabad ɗin ya goge shi a kafaɗa, amma yana numfashi.

"Ku taimaka mini da shi," ta ce. Muryar ta fito a shaƙe. "Ku ɗaga mini shi."

Aka mayar da shi kan keke. Wani ya leƙo ya ce mai burodin unguwar ya kawo motarsa bakin ƙofa, ya sauke kwanduna, amma mutum ɗaya za ta ɗauka a kwance.

"Baba za a saka," in ji Auta. Ba wanda ya yi mata musu, duk sun ga fuskar tsohon, sun ga wayar a ƙasa. Ta kama keken da hannun hagu, mai wanki ya kama ɗaya gefen, suka tura. Tayoyin suna taka tangaran suna niƙewa.

A bakin ƙofar ɗakin keken ya tsaya cak. Ta zaci wani gutsure ne ya tokare taya. Ta duba, ashe Baba ne ya kama katakon ƙofar da hannunsa.

"Baba, saki. Asibiti za mu."

Bai saki ba. Wani gurnani yake yi, kansa yana ƙoƙarin juyawa cikin ɗakin.

"Kayan sun riga sun tafi, Baba. Bar su. Abin da zai haɗu zan haɗa maka." Ta faɗa ne kawai, ta san yadda yatsunta suke lilo. Ta sa hagu tana ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, tana cire wannan wancan yana komawa. Mutumin da aka ɗaure kwana biyu, ba ta san inda ya samo ƙarfin ba. Gurnanin ya ƙaru, hawaye yana fita ta kumburarren idon yana shiga cikin yankan.

Matar Yaya tana tsaye a tsakar gida, goshinta ya yi ƙulu, ɗankwalinta a hannu. Ita ce ta yi wata takwas tana ba shi abinci a baki.

"Auta," ta ce a hankali, "ba kayan yake kallo ba. So yake a fara fitar da ɗansa."

Auta ta bi idon tsohon. Ya wuce kabad, ya wuce tarin fasassun, ya tsaya a kan Yaya, inda mutum biyu suka danne masa wuya da zanen gado, zanen ya riga ya rine.

"A'a," ta ce. "Wallahi a'a. Baba, shi ne fa ya ɗaure ka. Shi ya yi maka wannan. Dubi hannuna, Baba. Dubi hannuna!"

Ya duba. Ya daɗe yana duban hannun. Sannan ya mayar da ido kan ɗansa, ya ƙara damƙe katakon.

Mai burodi yana ta danna hon a waje. Auta ta ji kamar ta kwanta a wurin ta yi ta birgima, don baƙin ciki da kishi da tausayi duk sun taru mata. Ta ja keken baya, ta kawar da shi daga hanya.

"Ku ɗauke shi," ta ce.

Mutum huɗu suka cicciɓi Yaya, na biyar yana danne da wuyan. Da suka zo wucewa ta gaban keken, Baba ya saki ƙofar ya miƙa hannu, yatsunsa suka shafi ƙafar wandon, suka zame. Matar ta bi su da gudu ba takalmi. Aka rufe mota, ta tashi.

Mai wanki ya ce bari ya nemo tasi. Auta ta tura keken zuwa inuwar bakin ƙofar gida, ta zauna a ƙasa kusa da tayar, ta ɗora karyayyen hannunta a cinya. Ta ɗaga kai za ta yi masa magana, ta ga ba ita yake kallo ba. Wuyansa a miƙe yake, yana bin motar burodin da ido har ta sha kwana.